FENSHO A ƘASAR GUMEL: GANDU KO GAYAUNA?

Kowane ƙarshen wata, kafin albashin malamin makaranta ya iso hannunsa a Maigatari ko Gumel ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, an riga an cire masa kashi 8 daga cikin 100 an zuba a asusun fensho na Jihar Jigawa. Gwamnati kuma ta ɗora nata kashi 17 a kai, su tashi kashi 25, watau rubu'in albashi ke nan. Haka aka saba tun shekarar 2001, lokacin da gwamnatin Alhaji Ibrahim Saminu Turaki ta kafa tsarin fensho na karo-karo domin ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, shekara uku kafin Gwamnatin Tarayya ta fito da nata sabon tsarin.

Muddin ana biyan masu ritaya hakkinsu a kan kari, ba kasafai ma'aikaci yakan tsaya ya tambayi inda waɗannan kuɗi suke kwana ba. Amma tsadar rayuwa da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da ƙarin albashin 2024, da kuma zanga-zangar da tsofaffin 'yan sanda suka yi a Abuja a watan Yuli na 2025 suna neman a fitar da su daga tsarin Tarayya, sun mai da maganar fensho bakin kowa. Tambayar da ke gaban malamai da sauran ma'aikata ita ce: a ci gaba da tara kuɗin a rumbu ɗaya kamar yadda Jigawa ta zaɓa, ko kowa ya buɗe asusunsa shi kaɗai irin na ma'aikatan Tarayya, ko kuwa a koma tsohon yayi inda gwamnati ita kaɗai ce mai ɗaukar nauyin komai?

Mutanen Lautai manoma ne, saboda haka bambancin ba baƙo ba ne a wurinsu. Akwai gandu, inda gida duka yake noma gona ɗaya, a zuba amfanin a rumbu ɗaya, maigida ya riƙa ciyar da kowa, tsoho da yaro. Akwai kuma gayauna, inda mutum yake noma tasa, in ta yi kyau nasa ne, in fari ya ci ta shi ta shafa. Tsarin Jigawa gandu ne. Na Tarayya kuwa gayauna ne.

ASALIN MAGANAR

Fensho ya shigo ƙasar nan tare da aikin Turawa. Dokar farko mai ƙarfi ita ce ta 1951, wadda aka ja farkon aikinta baya zuwa 1 ga Janairu, 1946. A zamanin En'e, malamin elementare a Gumel ma'aikacin hukumar gargajiya ne, daga baitulmalinta yake cin albashi. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 sai En'e ta kau, kuma a wannan shekarar ce aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, aka shiga ɗaukar malamai ba ji ba gani, har da waɗanda ba su gama samun horo ba. Kwalejin horon malamai ta Gumel, wadda take nan tun zamanin tsohuwar Jihar Kano, tana daga cikin inda aka yi ta yaye malaman da suka cika azuzuwan wannan yanki.

Dokar Soja mai lamba 102 ta 1979 ita ce ta tattara ƙa'idojin fenshon ma'aikatan gwamnati wuri guda, aka kuma ce ta soma aiki tun daga 1 ga Afrilu, 1974, watau daidai da ƙarin albashin Udoji. A ƙarƙashinta ma'aikaci ba ya ba da ko kwabo. Yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Bayan gyaran 1992, wanda ya yi shekara 5 ya cancanci garatuti, wanda ya yi 10 ya cancanci fensho na kashi 30 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe, ana ƙara masa kashi 2 a kan kowace shekara, har wanda ya cika 35 ya tashi da kashi 80, ga kuma garatuti na albashin shekara uku cif.

A takarda babu tsarin da ya kai wannan daɗi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba a ajiye kuɗin a ko'ina. Sai mutum ya yi ritaya sa'an nan za a nemo hakkinsa daga kasafin kuɗin wannan shekarar, ya shiga layi tare da 'yan kwangila da masu neman kuɗin tafiye-tafiye. Shekarar da man fetur ya faɗi, tsoho shi ne na ƙarshe a layin. Kafin 2004 an ƙiyasta bashin fenshon da ke kan gwamnati ya kai kimanin naira tiriliyan 2, kuma mutane ba su manta da hotunan tsofaffin sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa suna kwana a bakin ofisoshi suna jiran tantancewa ba. Sata ma ta samu ƙofa, kamar yadda shari'ar Abdulrasheed Maina ta nuna, wanda kotu ta ɗaure shekara 8 a watan Nuwamba na 2021. Masu cewa a koma tsohon tsari, galibi ma'aunin kashi 80 suke tunawa, ba layin ba.

GAYAUNAR TARAYYA

A 2004 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta yi dokar gyaran fensho, ta kafa Hukumar Fensho ta Ƙasa, wadda aka fi sani da PenCom. An kwaikwayo tsarin ne daga ƙasar Chile ta Kudancin Amurka, wadda ta fara shi a 1981. Kowane ma'aikaci yana da asusu da sunansa a wurin kamfanin da ya zaɓa. Da farko ma'aikaci kashi 7 da rabi yake ba da wa, gwamnati ma haka. Dokar 2014 ta mai da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ba da aiki. Kamfanin yana juya kuɗin, amma ba ya riƙe su, suna hannun wani kamfani dabam mai ajiya. In ma'aikaci ya yi ritaya, a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran kuma ko dai a riƙa tsakuro masa wata-wata, ko ya kai wa kamfanin inshora ya riƙa biyansa har ƙarshen ransa.

Masu goyon bayan wannan hanya suna da hujjoji da ba a rainawa. Na farko, kuɗin suna nan a zahiri: a ƙarshen 2024 dukiyar da aka tara ta haura naira tiriliyan 22. Na biyu, gwamna ko kwamishina ba shi da ikon sa hannu a asusun wani. Na uku, malamin da ya bar aikin jiha ya koma na Tarayya ko na kamfani, asusunsa yana binsa. Tun watan Nuwamba na 2020 an ba mutum damar ya canza kamfani in bai gamsu da nasa ba, tun 2022 kuma ana iya amfani da rubu'in abin da ke asusun a matsayin kafin alƙalami wajen sayen gida. Jihohi irin su Legas da Kaduna wannan hanyar suka bi.

To, amma tsarin bai yi wa kowa alkawarin adadin abin da zai samu ba. Abin da ka tara, da ribar da ya yi, shi ne naka. Wanda ya shekara talatin a kan ƙaramin albashi, ƙaramin abu zai tarar, kuma malaman firamare na karkara su ne gaba-gaba cikin masu ƙaramin albashi. Abin lura shi ne waɗanda suka fi kusa da gwamnati su suka fara gudu: sojoji da jami'an tsaro na farin kaya an fitar da su tun 2011, ma'aikatan Majalisar Tarayya suka bi baya a 2023. Abincin da mai dafawa ya ƙi ɗanɗanawa, dole mai ci ya yi tunani. A Chile kanta, sai da gwamnati ta ƙara wani tallafi na musamman ga masu ƙaramin fensho a 2008, duk da haka a 2016 dubban ɗaruruwan mutane suka fito kan titi suna ƙorafi da ƙanƙantar abin da ake ba su.

Har ila yau, gayauna ba ta tsare mutum daga sakacin gwamnati ba. Waɗanda suka fara aiki kafin 2004 suna da hakkin shekarun baya da ya kamata a zuba musu a asusu kafin a sallame su, kuma jinkirin wannan zubi ya sa da yawa sun yi wata da watanni, wasu fiye da shekara, ba su ga ko sisi ba. Sai a watan Fabrairu na 2025 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a ci bashin naira biliyan 758 domin a share basussukan da suka taru a tsarin.

GANDUN JIGAWA

Jigawa ta ɗauki rabi daga nan, rabi daga can. Daga sabon yayi ta ɗauki karo-karo da ajiye kuɗi tun kafin ranar buƙata, ta kuma danƙa juya su ga kamfanoni masu lasisin PenCom. Daga tsohon yayi kuwa ta riƙe alkawari: hakkin ma'aikaci ana lissafa shi ne bisa ga shekarun aikinsa da albashin da ya ajiye aiki a kansa, ko kasuwa ta yi riba ko ba ta yi ba. Akwai garatuti a dunƙule, akwai fensho na wata-wata. Wanda ya rasu yana bakin aiki, ana biyan magadansa. Wanda ya rasu bai cika shekara biyar da yin ritaya ba, ana biyan iyalinsa ragowar fenshon waɗannan shekaru. Wanda ya bar aiki bai kai lokacin cancanta ba, a mayar masa da kashi 8 da aka yi ta cire masa.

Gwamnatocin da suka biyo baya, ta Alhaji Sule Lamido daga 2007, da ta Alhaji Muhammad Badaru Abubakar daga 2015, da ta Malam Umar Namadi daga 2023, duk sun riƙe tsarin, duk da cewa jam'iyyunsu ba ɗaya ba ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da sabon gwamna yakan fara aiki da rushe abin da ya tarar. Jigawa ta yi suna wajen biyan masu ritaya, har jihohi da dama sun aiko da wakilansu Dutse domin su ga yadda ake yi.

Ga malamin ƙauye amfanin gandu a fili yake, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna shi. A shekarar 2000 mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa naira 5,500 ne. Ya koma 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sa'an nan 70,000 a 2024. Rubu'in 5,500 shi ne naira 1,375, rubu'in 70,000 kuwa naira 17,500. Mutumin da ya fara zubi a kan albashin farkon ƙarnin nan, in gayauna yake nomawa, waɗancan 'yan kuɗin na shekarun farko da ribarsu su zai tarar, alhali kuwa darajar naira ta riga ta zube. In gandu ne kuwa, da albashinsa na ƙarshe za a auna masa. Watau asarar faɗuwar naira a tsawon shekarun aikinsa, asusu ne ya ɗauke masa ita.

Amma asara ba ta ɓacewa don an ɗauke wa wani ita. Tana komawa kan wani ne. Nan ne masu sukar gandu suke da magana, kuma magana ce mai nauyi.

HANNU NAWA KE NOMA, BAKI NAWA KE CI?

A ɗauka akwai malamai masu albashin naira 100,000 a wata. Kowannensu naira 25,000 ke shiga asusu da sunansa, nasa da na gwamnati. In ɗaya daga cikinsu ya cika shekara 35 aka auna masa da ma'aunin tsohon tsari, fenshonsa naira 80,000 ne a wata, watau zubin malamai uku bai isa ya biya shi ba, sai an taɓa na huɗu. Garatutinsa kuwa naira miliyan 3 da dubu 600 ne, daidai da zubin malamai 144 na wata guda. Wannan ma in an ɗauka albashinsu ɗaya ne ke nan, alhali sabon ɗauka bai kai rabin albashin hedimasta mai barin gado ba a mafi yawan lokuta. Ribar da kamfanoni ke samowa tana toshe wani ɓangare na giɓin, amma ba ta iya toshe shi duka in masu fita sun rinjayi masu shiga.

Masu fita kuwa suna zuwa ne rukuni-rukuni, kamar yadda aka ɗauke su. Malaman da aka kwasa daga 1976 zuwa farkon shekarun 1980 sun cika shekara 35 daga 2011 zuwa gaba, suka fita kusan tare. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, sabuwar jiha kuma dole ta ɗauki ma'aikata domin cika ma'aikatunta da makarantunta. Duk wanda aka ɗauka a 1991 da 1992, shekararsa ta 35 tana faɗawa ne a 2026 da 2027. Ba duba ba ne, lissafi ne da kowane magatakarda zai iya yi da fensiri.

A ɗaya gefen, jihohin ƙasar nan da dama sun daɗe suna jan ƙafa wajen ɗaukar ma'aikata na dindindin, sun fi son na wucin gadi da ake ba alawus. A Jigawa an yi shirin J-Teach, inda aka ɗauki matasa masu takardar koyarwa suka cike gurbi a azuzuwa. Shirin ya taimaki ɗalibai, ya kuma rage zaman banza, amma mai cin alawus ba ya cikin masu zubi a asusun fensho. Yana aiki a makaranta, ba ya noma a gandu. Saboda haka matakin da gwamnatin Namadi ta ɗauka a 2023 na mai da malamai 3,000 na wannan shiri ma'aikata na dindindin, bai tsaya ga gyaran ilmi kaɗai ba, ƙarin hannu ne a gonar fensho. Ita dai wannan gwamnati ta kuma zuba wa asusun tallafi na musamman daga baitulmali domin a sallami waɗanda suka yi ritaya. An yaba, kuma ya cancanci yabo. Sai dai asusun da ke buƙatar tallafi daga waje yana faɗin wani abu game da lafiyarsa.

Maƙwabciya Kano ta isa misali. Ita ma ta kafa irin wannan tsari a 2006, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da ma'auni iri ɗaya, kashi 8 da kashi 17. Amma da wasu ma'aikatu suka riƙa jinkirta miƙa zubinsu, aka kuma sa wani kaso na kuɗin a harkar gine-ginen gidaje, sai bashi ya taru. Gwamnatin Alhaji Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin garatuti da hakkin mamata na kimanin naira biliyan 48 a 2023, ta fara rage shi da naira biliyan 6. Doka iri ɗaya, jama'a iri ɗaya, sakamako dabam. Abin da ya raba su shi ne riƙon amanar zubi wata bayan wata, da nisanta hannun hukuma daga bakin rumbu.

Akwai masu ganin ƙara shekarun aiki zai sassauta. A watan Afrilu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, aiwatar da ita a makarantun jihohi kuma ya rataya ga amincewar kowace jiha. Ta fuskar asusu dabarar tana da riba: ƙarin shekara biyar na zubi, ragin shekara biyar na biya. Ta fuskar ɗaliban da kwalejin Gumel ke yayewa kowace shekara kuwa, gurbin da suke jira ne aka ɗage. Kuma jinkirta rukuni ba ya rage yawansa.

MALAMIN FIRAMARE DA ƘARAMAR HUKUMA

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga malaman firamare. Albashinsu daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma tarihin wannan ba mai daɗi ba ne. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa domin a tabbatar da biyan malamai. A 1991 aka rushe ta aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, nan da nan albashi ya fara makalewa, yajin aiki ya yawaita, har aka dawo da hukumar a 1993. Dattawan ƙungiyar malamai ta ƙasa ba su manta da waɗannan shekaru biyu ba.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya, ba ta hannun gwamnatocin jihohi ba. Jama'a da yawa sun yi murna, da hujja. Amma ga mai tunanin fensho akwai abin dubawa. Sauƙin tsarin Jigawa ya dogara ne ga cire zubin tun daga tushe, a wuri ɗaya, kafin kuɗi su watsu. Ranar da ya zama shugabannin ƙananan hukumomi 27 ne kowa zai aiko da kashi 17 nasa da hannunsa, ƙofa ɗaya ta zama ƙofa 27. Ƙaramar hukuma mai yawan makarantu da ƙarancin kuɗin shiga ita za ta fara jin nauyin. Wajibi ne duk yarjejeniyar da za a yi ta ƙunshi umurnin dindindin ga banki na cire albashin malamai da zubin fenshonsu kafin a taɓa komai.

ABIN DA KASUWAR MAIGATARI KE NUNAWA

Duk wannan muhawara a kan yadda za a tara kuɗin ne. Tsohon da ya riga ya yi ritaya, damuwarsa abin da kuɗin za su saya. A Maigatari kuwa ba sai an karanta jarida ake sanin darajar naira ba. Kowace ranar Alhamis kasuwar garin tana cika da shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Jumhuriyar Nijar, fatake suna lissafi da naira da sefa. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, farashin rago da na sa yakan nuna tun kafin a tashi kasuwa. A watan Mayu na 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, watau naira 100 ta koma sayen abin da naira 74 take saya shekara guda kafin nan.

Ga kuma rufe iyaka, wanda ya taɓa garin har sau biyu a 'yan shekarun nan: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Malamin da ya karɓi garatutinsa a wannan yanki, abin da ya fi yi shi ne ya gyara gida, ya aurar da 'ya'ya, ya sa ragowar a kiwo ko cinikin riɗi da gero. In iyaka ta rufe, wannan ɗan jarin ma ya tsaya. Shi ya sa garatuti a dunƙule yake da daraja a idon ma'aikacin karkara fiye da yadda masu tsara doka a Abuja suke zato, shi ya sa kuma jinkirin wata shida wajen biyansa a shekarar tsada daidai yake da zaftare wani kaso daga ciki.

Tsarin Mulki na 1999 bai yi shiru ba. Sashe na 210 ya ce a sake duba fenshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka yi gyaran albashi, wanda ya riga zuwa. Sashe na 173 ya faɗi haka game da na Tarayya. Kaɗan ne daga cikin gwamnatocin ƙasar nan suke cika wannan a kan lokaci. A tsarin gandu, in aka ƙara wa tsofaffi, asusu ne zai biya, giɓin ya daɗa faɗi. In ba a ƙara ba, alkawarin kashi kaza na albashin ƙarshe ya zama suna kawai bayan 'yan shekaru. A tsarin gayauna kuwa ƙarin ya dogara ga ribar da asusun mutum ya yi, ribar kuma a shekarar 2024 ba ta kamo hauhawar farashi ba.

Sai maganar halacci, wadda ba a cika tayar da ita a taron ƙwararru ba amma tana damun mutane a zuci. Fiye da rabin dukiyar fensho ta ƙasa an ba Gwamnatin Tarayya bashinta ne da ruwa. Tun 2021 PenCom ta buɗe wani rukuni marar kuɗin ruwa, wanda ake zuba kuɗinsa a sukuk da makamantansa, mai asusun kansa kuma yana iya zaɓarsa. Wanda ke cikin gandu ba shi da wannan zaɓi shi kaɗai, sai abin da hukuma ta shirya da kamfanoni. Wannan maki ne ga gayauna, ko da yake babu abin da ya hana hukumar jiha ta nemi a juya wani kaso na rumbunta ta wannan hanya.

In aka auna duka, ga ma'aikaci mai ƙaramin albashi da dogon zama a aiki ɗaya, irin malamin Gagarawa ko ma'aikacin asibitin Sule Tankarkar, gandu ya fi masa rufin asiri, kuma barinsa a koma gayauna yana da nasa tsada: sai an lissafa hakkin kowane ma'aikaci na shekarun baya an zuba masa a asusu, abin da ya gagari Gwamnatin Tarayya kanta shekara ashirin. Amma gandu ba ya zama lafiya in 'yan gida ba su san abin da ke cikin rumbu ba. Abin da ya kamata ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi su nace a kai shi ne a riƙa kawo masana lissafin fensho masu zaman kansu suna auna asusun a kai a kai, a kuma buga sakamakon kowa ya gani: masu zubi nawa ne, masu karɓa nawa ne, nawa ya shiga, nawa ya fita, wace ma'aikata ko ƙaramar hukuma ce ba ta miƙa nata ba, kuma mutum nawa ne za su cika shekara 35 a kowace shekara daga cikin shekaru goma masu zuwa. Sunayensu da ranar ɗaukarsu aiki duk suna cikin fayil a Dutse da ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi.